Agogo, waya ko maɗaurin ƙirji: wanne zai faɗa maka gaskiyar motsin jikinka?

A ce abokai biyu sun fita tattaki da yamma. Hanya ɗaya suka bi, tare suka tafi tare suka dawo, kuma a jiki babu wanda ya ɗara wani sosai. Kowanne yana ɗaure da agogon da ke auna motsi, amma na kamfanoni daban-daban. Da suka tsaya suka duba, yawan takun da agogunan suka ƙirga ya yi kusa da juna, bugun zuciya ma haka, amma a wajen kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona, ɗaya ya ba mai shi kusan ninki biyu na abin da ɗayan ya ba nasa. Wanne ne ya yi ƙarya? Mai yiwuwa duka biyun, kuma ba don sun lalace ba.

Kafin mutum ya ciro kuɗinsa, ya kamata ya raba tambayoyi uku da masu talla ke cuɗawa wuri guda. Ta farko, nawa na motsa yau? Ta biyu, motsin ya yi ƙarfin da zai amfani zuciya da huhu, ko jan ƙafa kawai na yi? Ta uku, kuzari nawa jikina ya ƙona? Na'urorin da ake ɗaurawa a jiki sun iya amsa ta farko, suna taɓuka abin kirki a ta biyu, a ta uku kuwa kintace suke yi, sai su rubuta shi da manyan lambobi kamar sun auna. Abin takaici, ta ukun nan ce ke jan yawancin masu saye.

Abin da na'urar ke ji da abin da take ƙiyastawa

A cikin kusan dukansu akwai wani ɗan guntu da bai fi kan ashana ba, ana ce masa akselaromita. Aikinsa jin canjin gudu: abu ya tashi daga tsaye, ya ƙara sauri, ya rage, ko ya karkata. Yana ji ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, kuma yana ɗaukar awo sau da dama a daƙiƙa guda, galibi tsakanin 30 da 100 a na'urorin bincike. Shi ne ke juya allon wayarka idan ka kwantar da ita. Iyakar saninsa ke nan. Bai san taku ba, bai san gudu ba, bai san kaya kake ɗauke da shi ko hannu kake kaɗawa ba. Tsarin lissafin da kamfani ya rubuta a ciki ne ke duba girgizar ya ce wannan ta yi kama da tafiya, waccan ta yi kama da sassarfa. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma ba sa bayyana shi.

Kuzari kuwa ba a girgiza ake ganinsa ba, a numfashi ake ganinsa. Jiki yana ƙona abin da aka ci ne da iskar oksijin, kuma kowace lita ɗaya ta oksijin da ya yi amfani da ita tana daidai da kalori kusan 5. Shi ya sa a ɗakin gwaji takunkumi ake sa wa mutum ya rufe hanci da baki, a auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Idan kuma ana son sanin abin da yake ƙonawa a harkokinsa na yau da kullum, sai a ba shi wani ruwa na musamman ya sha, wanda aka yi wa sinadaransa biyu, haidurojin da oksijin, alama. Haidurojin ɗin yana barin jiki a matsayin ruwa kaɗai, oksijin kuwa yana fita a ruwa da kuma iskar da ake fitarwa a numfashi, don haka ya fi saurin raguwa. Tazarar da ke tsakaninsu, wadda ake gani a fitsarin da aka tara cikin mako ɗaya zuwa biyu, ita ke nuna kuzarin da aka ƙona. Nathan Lifson ne ya ƙirƙiro dabarar a Jami'ar Minnesota a shekarun 1950, da ɓeraye ya fara, sai a 1982 Dale Schoeller ya gwada ta a kan mutane. Da waɗannan hanyoyi biyu ake auna gaskiyar kowane agogo, kuma babu ɗayarsu da za ta ɗauru a wuyan hannu.

Akwai ma'aunin da masana ke amfani da shi da zai taimaka maka ka fahimci lambobin allon, sunansa MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ƙonawa idan mutum yana zaune shiru, wato kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyinsa cikin awa guda. Aikin da bai kai MET 3 ba mai sauƙi ne, daga 3 zuwa ƙasa da 6 matsakaici, 6 zuwa sama mai tsanani. Ɗauki mai kilo 70 da ya yi tafiya mai sauri ta rabin awa, a ce MET 4. Ya ƙona kalori 140. Amma 35 daga ciki da ma zai ƙona su ko yana kan kujera, saboda haka ribar tafiyar 105 ce. Wani agogon 140 zai nuna maka, wani 105, kuma duk ba su yi kuskuren lissafi ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba abokan nan biyu tun kafin a zo kan kuskure na gaske.

Ga kuma wani abu. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuzarin da yawancin mutane ke ƙonawa a yini yana tafiya ne wajen riƙe rai kawai: bugun zuciya, numfashi, ɗumin jiki, aikin ƙwaƙwalwa da hanta. Narkar da abinci yana cin kusan kashi 10. Ragowar ce ta motsi. Babban kason nan agogo ba ya auna shi ko kaɗan, daga shekaru da jinsi da tsawo da nauyin da ka shigar masa yake lissafo shi. Mutum biyu masu nauyi iri ɗaya, ɗaya tsoka ɗaya kitse, agogo zai ba su lamba iri ɗaya, jikinsu kuwa ba haka yake ƙonawa ba.

Inda aka ɗaura ta ya fi sunan kamfani tasiri

A nan ne nake ganin masu saye ba sa tsayawa su yi tunani. Na'ura motsin gaɓar da take manne da ita kawai take ji.

A ƙugu tana kusa da tsakiyar nauyin jiki, don haka idan ta motsa, jikin ne gaba ɗaya ya motsa. Shi ya sa masu bincike suka daɗe suna fifita ƙugu wajen ƙirga taku da auna tafiya da gudu. Babban binciken lafiyar jama'a na Amurka ya ɗaura wa dubban mutane irinta daga 2003, kuma abin da ya fito ya ba da kunya: ƙasa da kashi 5 cikin 100 na manya ne ke samun minti 30 na motsi matsakaici a rana, alhali idan tambayarsu aka yi da baki, da yawa kan ce suna yi. Matsalar ƙugu ita ce mutane suna cirewa, a canza tufafi a manta, a kwanta barci a ajiye. Daga 2011 binciken ya koma wuyan hannu. Wani babban bincike a Birtaniya ma, tsakanin 2013 da 2015, a wuyan hannu ya ɗaura wa mutum kusan 100,000 na'ura ta mako guda. Ba don hannu ya fi ƙugu daidai ba, sai don na'urar da ke jiki dare da rana ta fi wadda aka bari a kan tebur amfani.

Hannu kuwa gaɓa ce mai rawar kai. Yana motsi ko jiki yana zaune. Guga, wanke-wanke, goge baki, yanka, buga guduma, har bayani da kaɗa hannu, duk suna iya zama taku a lissafin agogo. Na taɓa sauka daga mota bayan doguwar tafiya a hanya mai gargada na tarar agogona yana yaba mini da tattakin da ban yi ba. A ɗaya ɓangaren, idan ka tura baro ko keken jariri, ko ka saɓa yaro, ko ka riƙe ƙarfen injin tafiya, ko ka zuba hannu a aljihu, ƙafa tana aiki hannu yana tsaye, sai takun ya salwanta. Ɗaurawa a hannun da ba ka cika aiki da shi ba yana rage ƙarin ƙarya, in dai ka gaya wa manhajar hannun da ka zaɓa.

Cinya ta fi kowa sanin abu ɗaya: zaune kake ko tsaye. Idan ka zauna cinya ta kwanta, idan ka miƙe ta tsaya, kuma akselaromita yana jin karkata. Na ƙugu da na hannu sukan rikita mai tsaye shiru da mai zaune shiru. Saboda haka masu nazarin yawan zama suke manna na'ura irin activPAL a cinya. Ba abin saye ba ne ga mai son lura da kansa kawai, amma ya kamata ka san cewa awannin zama da agogo ke nuna maka, awannin rashin motsin hannu ne.

Akwai kuma inda dukansu suke makancewa idan motsi kaɗai suke ji. Mai tuƙa keke yana zuba gumi, ƙugu da hannu ba sa girgiza sosai. Mai ɗaga ƙarfe yana nishi wuri guda. Mai tafiya da kaya mai nauyi da mai tafiya hannu rabbana girgizarsu kusan ɗaya ce, haka mai hawa tudu da mai bin shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wasu na'urorin suna da ma'aunin nauyin iska da ke gane an hau bene ko tudu, wannan ya toshe ɓaraka ɗaya. Sauran sai an haɗa da bugun zuciya.

Ma'aunin taku da waya

Ma'aunin taku na ƙugu shi ne tsoho a gidan, kuma har yanzu bai kamata a raina shi ba. Ba ya buƙatar waya, ba ya buƙatar intanet, batirinsa yana yin watanni, kuma abu ɗaya yake faɗa, wanda ya iya. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2007 ya nuna cewa waɗanda aka ba irinsa sun ƙara taku sama da 2,000 a rana, musamman idan an sa musu adadin da za su cimma. Sai dai a duba iri. Tsohon samfuri yana da ɗan ƙarfe mai lilo a ciki da ke bugawa a kowane taku, kuma yana rasa taku da yawa idan ana tafiya a hankali, ko idan tumbi ya karkatar da shi. Dattijo mai jan ƙafa ko mai jinya da ke koyon tafiya zai sha ɓacin rai da shi. Mai jin motsi ta fuska uku ya fi, kuma yana aiki ko a aljihu.

Tunda an zo nan, bari in ratse kan taku 10,000 da kusan kowace na'ura ke kafa wa mai ita. Ba likita ne ya yanke shi ba. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fito da ma'aunin taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Bincike daga baya ya nuna amfanin yana farawa tun ƙasa da haka. A 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi mata sama da 16,000 masu matsakaicin shekaru 72, suka ga masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon binciken, kuma ribar ta ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ta daidaita. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya sa iyakar tsakanin 6,000 da 8,000 ga masu shekara 60 zuwa sama, 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai ba. Don haka na'urar da ke ba ka damar canza adadin ta fi wadda za ta riƙa nuna maka gazawa kowane dare.

Wayar da ke hannunka tana da akselaromita da ma, kuma idan tana aljihun wando tana ƙirga taku da kyau, sau da yawa ta fi agogo, tunda tana kusa da ƙugu. Rauninta ba na awo ba ne, na zama ne. Duk lokacin da take caji, ko tana cikin jaka a rataye, ko kan tebur kana zirga-zirga a gida, ba ta san ka motsa ba. Mai ɗaukar waya a jaka ko mai tufafin da ba aljihu zai riƙa ganin lamba ƙasa da gaskiya. Duk da haka shawarata ga wanda bai taɓa auna kansa ba ita ce ya yi wata guda da waya tukuna. Idan bayan wata ya daina duba lambar, ya tsira da kuɗin agogo.

Koren hasken da ke bayan agogo

Maɗaurin hannu da agogon zamani sun ƙara abu na biyu a kan motsi. Ɗan koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayansu yana shiga fata, jini yana shanye wani ɓangare, sauran ya dawo. Duk bugun zuciya jini yana ƙaruwa a jijiyoyin wurin, hasken da ke dawowa ya ragu, daga nan ake ƙirga bugu. Da wannan na'urar kan gane mai keke yana wahala ko da hannunsa a tsaye yake.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a kan mutum 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke, aka kwatanta da awon asibiti. A bugun zuciya shida daga cikin bakwai sun yi kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A kalori babu wadda ta fita kunya: mafi kyawunsu ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Na'urorin sun canza tun daga lokacin, amma tushen matsalar yana nan, domin har yanzu ba numfashi suke aunawa ba.

Binciken ya kuma lura kuskure ya fi yawa ga masu ƙiba da masu fata mai duhu, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda launin fata yana shan koren haske. Wani gwaji a Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba, ya ga motsi ne ke ƙara kuskure. Tunda maganar ba ta zama ɗaya ba, mai duhun fata ya gwada a hannunsa kafin ya amince. Abin da ba a jayayya a kai shi ne zanen tatu mai duhu, sanyi mai takura jijiyoyi, da sakin maɗauri, duk suna ɓata awo. A ɗaura shi ɗan sama da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata ba tare da ya matse ba.

Tsakanin ƙaramin maɗauri da babban agogo, bambancin awo bai kai bambancin kuɗi ba. Na'urorin jin motsi da na haske kusan iri ɗaya ne a cikinsu. Abin da kake biya a babban shi ne allo, amsa kira, manhajoji, da GPS na kansa. Abin da kake rasawa shi ne batir: maɗauri yakan yi mako ko fiye, agogo mai babban allo sau da yawa kwana ɗaya ko biyu, kuma duk awannin da yake kan caji rami ne a lissafin ranar. GPS ɗin yana da amfani na gaske ga mai gudu ko keke a waje, domin nisa da sauri ya auna su ne, ba daga tsawon taku ya ƙiyasta ba. A cikin ɗaki ba ya ƙara komai. Zoben yatsa mai irin wannan awo kuma ya fi dacewa da barci da bugun zuciya na hutu, ba wajen motsa jiki mai ƙarfi ya yi fice ba.

Maɗaurin ƙirji

Shi ba haske yake amfani da shi ba, yana jin ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, irin wanda injin asibiti ke zanawa. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fito da na farko marar igiya a 1982, kuma har yau babu abin ɗaurawa da ya fi shi daidai a wannan aiki. Inda ya fi nuna fifiko shi ne atisayen da ake zabura a tsaya, a sake zabura, da ɗaga ƙarfe, da duk wasan da wuyan hannu ke lanƙwasa. A nan hasken agogo yakan makara ko ya ɓace, wani lokaci ma ya kama saurin taku ya ɗauka bugun zuciya ne. Amma ba wanda zai wuni da maɗauri a ƙirji. Kayan atisaye ne na awa ɗaya, sai an ɗan jiƙa shi kafin ya kama, kuma yana son wanki.

Ko da shi ɗin, kalori bai zama awo ba. Bugun zuciya yana tafiya tare da shan oksijin ne a aiki matsakaici zuwa mai tsanani. A zaune ko a aiki mai sauƙi, zafi, zazzaɓi, ƙishirwa, tsoro da kofi duk suna ɗaga shi ba tare da an ƙona wani abin kirki ba. Wasu magungunan hawan jini kuma suna danne shi. Sannan yawancin na'urori suna ɗaukar iyakar bugun mutum a matsayin 220 a cire shekarunsa, lissafin da kan kauce da bugu goma ko fiye ta kowane ɓangare. Mai keke kuwa ya yi sa'a a nan: ma'aunin ƙarfi da ake sa wa feda yana auna aikin da ƙafa ta yi kai tsaye, kuma tunda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuzarin da jiki ya ƙona ne ke isa feda, ƙiyasinsa ya fi na kowane agogo kusa da gaskiya.

Mai son rage ƙiba, a kula

Haɗarin lambar kalori ba kuskurenta ba ne kaɗai, abin da mutum ke yi da ita ne. Agogo ya ce ka ƙona kaza, sai ka ga kana da izinin mayar da kaza ciki. Idan ya yi ƙari da kashi ɗaya cikin uku, ka ci bashin da ba ka sani ba. A wani gwaji na Jami'ar Pittsburgh da aka wallafa a 2016, an raba matasa 471 masu ƙiba gida biyu, duka ana ba su shawara kan abinci da motsa jiki, amma rukuni ɗaya an ƙara musu na'urar damtse mai nuna motsi da kalori. Bayan shekara biyu, masu na'urar sun rage kilo 3.5, marasa ita kilo 5.9. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ya isa ya nuna ɗaura na'ura ba shi ne rage nauyi ba.

Jiki ma ba ya tara lissafi kamar ɗan kasuwa. Wani mai bincike, Herman Pontzer, ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu doguwar tafiya kullum, da ruwan nan mai alama, ya wallafa a 2012 cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke ƙonawa a yini bai fi na mazauna biranen Turai da Amurka sosai ba. Alamar ita ce idan motsi ya yawaita na dogon lokaci, jiki yana tsuke bakin aljihu a wani wurin. Babu agogon da ya san wannan. Ga mai son rage ƙiba, sikelin awon nauyi da igiyar awon ƙugu sau ɗaya a mako sun fi lambar kalori faɗin gaskiya. Lambar tana da amfani guda: kwatanta kai da kanka, a na'ura ɗaya, a aiki iri ɗaya. Idan tattakin yau ya nuna fiye da na jiya, wataƙila ka fi wahala yau. Kwatanta taka da ta abokinka kuwa ɓata lokaci ne.

To, wanne?

Idan burinka ka san ko kana cika shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako ga manya, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, kuma tafiya ce yawancin motsinka, waya a aljihu ko ma'aunin taku ya wadatar. Taku kusan 100 a minti shi ne alamar ka shiga matsakaici, kuma bakinka ma ma'auni ne: in kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, kana ciki. Idan kana son a haɗa maka yini duka da barci ba tare da ka tuna da komai ba, ƙaramin maɗauri mai daɗewar batir shi ne zaɓin da nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Mai shirin tsere ya nemi agogo mai GPS, ya ƙara maɗaurin ƙirji idan yana atisaye da bugun zuciya. Dattijo mai tafiya a hankali ko mai dogara sanda ya guji na hannu, ya sa na ƙugu ko na aljihu. Mai keken guragu ya tabbatar na'urar tana da tsarin ƙirga turi, don ba duka ke da shi ba.

Ɗalibi ko ma'aikacin lafiya da zai auna mutane da yawa don bincike, hanyarsa daban ce. Na'urorin kasuwa suna ba da lambar da aka riga aka dafa, kuma kamfani yana iya canza lissafin a tsakiyar aikinka ta hanyar sabunta manhaja ba tare da ka sani ba. Na bincike irin ActiGraph da Axivity suna ba da ɗanyen awo, yawancinsu ba su da allon da zai sa mai ɗauke da su ya canza hali, kuma an saba a nemi a sa su mako guda, a karɓi ranar da aka sa aƙalla awa 10, a kuma samu irin wannan rana huɗu ko fiye.

Ka kuma duba inda bayananka ke zuwa. Ma'aunin taku yana riƙe sirrinsa a aljihunka, agogo mai manhaja kuwa yana aika lokacin barcinka da bugun zuciyarka da hanyar da kake bi zuwa kwamfutocin kamfani. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu tana nuna siffar wasu sansanonin soja, domin sojojin suna atisaye da na'urorinsu a kunne. Wanda yake fara gudu daga ƙofar gidansa kowace safiya ya shiga saitin sirri ya ɓoye mafarin hanyar.

Duk wadda ka ɗauka, ka gwada ta a kwanakin farko, lokacin da mayarwa ke yiwuwa. Yi taku 200 kana ƙirgawa da baki a tafiyarka ta kullum, ka duba. Sake yi a hankali kamar mai rakiyar tsoho, sannan ka sake da hannu a aljihu. Zauna minti biyar kana aiki da hannu ka ga taku nawa ta ƙirƙira. Daga nan sa yatsa biyu a jijiyar wuya ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, sau ɗaya a zaune, sau ɗaya bayan ka hau bene da sauri. Idan a tafiyar kullum ta kauce da fiye da taku 10 cikin 200, ko a zaune ta yi nisa da yatsanka da fiye da bugu biyar, gyara ɗaurin ka sake gwadawa. Idan ta maimaita, mayar da ita.